Sakainar Bahago

Sakaina ta uku ke nan da Attahiru ya tsinta a zaurensa, kuma kamar na baya, daidai inda yake zaman aiki aka ajiye ta.

Bazarar shekarar yunwa ce, Gusau ta ɗauki zafi har kaji na yawo baki buɗe. Attahiru mai zanen ƙwarya ne, shekara talatin yana yi, amma tun da rumbunsa ya ƙare hannunsa ya mutu. Sai ya sa wuƙa a wuta ta yi ja, ya zauna yana kallon ƙwarya har wuƙar ta huce. Matarsa Luba ta sayar da tasoshinta kaf sun ci, ban da wani ƙunshi a ƙarƙashin gado da ta ce ko mutuwa za a yi ba ya zuwa kasuwa.

Ga shi wata Bafillatana daga Bungudu, Maijidda, ta kawo ƙore goma na auren ɗiyarta, ladan aiki dami biyu na gero. Zanen da ba a gani a kasuwa take so, in kuwa ruwan fari ya sauka bai gama ba, Ummaru na Tsafe za ta kai wa. Geron nan shi ne tuwonsu, shi ne irin shukarsu.

Ana cikin haka sakaina ta fara zuwa. Wa zai ajiye wa mutum fasasshiyar ƙwarya in ba mai son karya masa sana'a ba? Ya duba yadda wuƙa ta karkata a jikinta, ya ga aikin bahago ne. Masu zane bahagwai kuwa biyu ne a duk ƙasar, shi da Ummaru. Magana ta ƙare.

Ya gaya wa Luba sammu aka yi masa. Tana tankaɗen dusa, yatsanta ɗaure da tsumma, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce ya jefa a wuta mana. Bai jefa ba. Abin haushi, zanen ya yi kyau: tsuntsaye a jere, wuyan kowanne ya sarƙe da na ɗan'uwansa, layin siriri kamar gashi. Attahiru ya zagi Ummaru, ya zagi wanda ya koya masa, sannan ya jawo wata tsohuwar ƙwarya don ya gano yadda la'anannen ya murɗa wuƙa. Rabonsa da ƙona ƙwarya wata biyu.

Washegari ya zauna gadi a ƙofar gida tun hantsi har la'asar, ko akuya ba ta shiga ba. Yana komawa zaure, ga ta huɗu. Ya ɗaga ta zai jefar. Amma da ya kara ta da ta biyu sai suka haɗe baki da baki, wutsiyar tsuntsu ta cika. Daga ranar, ko da yake abin kunya ne a faɗa, jiran sammun yake yi. Inda zanen bai iso ba ya ƙago nasa, reshe a nan, kunama a can, har ƙore goma suka ƙare hadari bai haɗu ba.

Maijidda ta zo ta juya ƙwarya ɗaya, ta rufe baki da hannu, ta sa aka sauke gero. Attahiru bai ji daɗi ba, gani yake da hannun abokin gaba ya ci abinci. Ya ɗauki basilla ya ɗinke gutsattsarin bakwai, niyyarsa ranar kasuwar Tsafe ya dire ƙwaryar gaban Ummaru a bainar jama'a. Gindin ne kawai babu.

Yana ɗaura takalmi Luba ta fito daga cikin gida ta miƙa masa wani gutsuren ƙwarya zagayayye. Ya kara shi, ya zauna daram a gurbinsa.

"Ina za ka cikin ranar nan, Malam?" ta ce. "Hannun da kake ta zagi kwanakin nan, shi ya kawo ni gidanga. Ƙwaryar toshina ce da na ɓoye ƙarƙashin gado, kai ka zana min ita kana ɗan shekara ashirin."