Ranar Da Yakubu Ya Kunna Ordinata

Yakubu ya yi wa bawan Allah ƙazafi, ko kunya bai ji ba. Ranar da diski ya ɓace daga ordinata, wato kwamfutar maƙwabcinsa Yoshuwa, ma'aikacin jinya a asibitin mishan, shi ya fara nuna Mato, mai gadin gidan, da yatsa. Aka kori Mato.

Yakubu kuwa ya ci gaba da zirga-zirga tsakanin Madawa da Ƙonni, yana zaɓen kayan ordinatarsa ta farko. Ya sayi akwati mai gilashi da fanka mai fitilu ja da kore, duk don a kalle shi. Ko rediyo bai taɓa kwancewa ba, amma bakinsa ya ishi kowa.

Da ya gama ɗaure kusoshi, ya tara 'yan fadarsu ta hira da shan shayi, ya ba Yoshuwa kujerar gaba.

"Maƙwabci, matso ka ga aikin manya. Wagga ba irin tsohuwar ordinatar taka ba ce."

"Kunna dai, Yakubu, shayi na hucewa."

Ya danna. Fitilu suka kama, fanka ta juya, sai hoto ya cika allon: marigayiya Salome, matar Yoshuwa, tana dariya da jikanta a goye. Wawan ya ɗauka diskin da ya sata ƙarfe ne kawai, bai san yana riƙe abin da aka zuba masa ba.

Maigari ya sa Yakubu ya ɗauki ordinatar a ka ranar kasuwa, ya durƙusa ƙofar Mato. Har yau babu fadar da ke matsa wa Yakubu a tabarma.