Makamin Tsohon Soja

Da masu zanga-zanga suka doso shagunan unguwar New Bell da jarkokin fetur, sai 'yan kasuwa suka ɓuya bayan tsohon sojan da suka ɗauka gadi. Bai taɓa gaya musu a kicin ya yi aikin sojansa ba. Aiki ya yi wuya, kuma ba wanda ya tambaya.

Ya buɗe tukunyar dafa-dukan da ya ɗora tun safe, ya ɗaga ludayi, ya daka tsawa: "A yi layi!"

An kwana biyu ba kasuwa, yunwa ta ci kowa. Samari suka ajiye fetur, suka miƙo hannu.

Da ƙura ta lafa, wani Alhaji ya leƙa shagonsa. "Saja, ina buhun shinkafata?"

"Alhaji, ka taɓa jin soja ya sayi harsashi da kuɗinsa?"