Mai Girkin Biki da Kazar Ɗan Caina

"Yaya, don Allah ki ajiye taɓaryar nan."

"In ajiye ta in daka da me? Da kanka?"

"Ai shi nake gaya miki, ba a dakawa. Dubi hoton mana."

"Auta, tun kana yawo ba wando nake riƙe da muciya. Matsa ka ba ni wuri."

Masu wannan cacar baki wata mata ce da ƙanenta. Ita mai girkin biki ce, irin wadda in ta ɗora tukunya a unguwa har wanda ba a gayyata ba sai ya wanke hannu. Shi kuwa direba ne a wani kamfanin fasa dutse, yana tuƙa wani injiniya ɗan Caina. Kukun 'yan Cainan zai koma ƙasarsu, saura kwana uku, ana neman wanda zai ci gaba da yi musu girki. Direba ya ga dama ta samu: yayarsa ta huta da zaman jiran biki, wata guda a yi uku, wata biyu a ji shiru, ta kuma huta da hayaƙin itacen da ya fara cin idonta. Ya roƙi maigidansa. Maigida ya ce to, ta dafa masa abu ɗaya ya ɗanɗana, in ya yi, aiki nata ne. Ya tura masa hoto a waya: soyayyar kaza gutsi-gutsi, an binne ta cikin jan busasshen barkono har ba a ganin faranti.

Tun da safe direba ya ce ta zo su je wurin kukun, ko minti goma ne, ta tambayi yadda ake yi. Ta dube shi sama da ƙasa. Ita da ta ciyar da mutum ɗari bakwai a wuni ɗaya shinkafa ba ta caɓe ba, ita ce za ta tsaya bayan wani ƙato tana koyon suyar kaza? Ta karɓi wayar, ta nisanta ta da fuska, ta girgiza kai cikin tausayi. "Bayin Allah," in ji ta, "turmi ne ba su da shi. Wa ke zuba barkono haka kamar shanya? Yau za su ga gata."

Abin da kukun zai gaya mata a numfashi ɗaya shi ne, barkonon nan ba cinsa ake yi ba. Ana yayyanka shi, a kakkaɓe 'ya'yan, a jefa a mai ya ba da ƙamshi, mai ci ya riƙa tsintar nama yana ture shi gefe. To, a wurinmu abin da ya shiga tukunya ciki za shi, barin barkono a faranti ɓarna ce. Sai ta ƙiyasta na hoton ya kai mudu guda, ta ƙara rabi don kada baƙo ya ce an yi masa rowa. Ta zaɓi ƙananan nan masu faɗa, ta kirɓe su lukui. Maƙwabta na atishawa ta bayan katanga, akuyar gidan ta tsinke igiya ta yi waje, ita ko ta ɗaure hanci da ɗankwali ta ci gaba. Da ta juye a mai ta ga jan bai kai na hoto ba, ta jajjaga attaruhu ta bi da shi.

Bayan azahar ɗan Caina ya iso, ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya ce "Sannu, sannu," iyakar Hausarsa ke nan. Aka buɗe kwano. Ya dubi kwano, ya dubi hoton, ya dubi direba. Direba ya dubi rufin ɗaki. Mutumin nan fa daga yankin da ake taƙama da cin yaji ya fito, kuma ba ya son ya kunyata mai girkin, sai ya zaro tsinkayensa biyu na cin abinci ya ɗauki tsoka. A ta farko ya gyara zama. A ta biyu hanci ya ɓalle. A ta uku ya cire tabarau ya ajiye a tabarma a hankali, hawaye na bin kumatu, ya ce "Sannu" da wata 'yar siririyar murya kamar ta ɗan akuya. Ita kuwa tana tsaye da ludayi tana cewa, "Auta, ka ga daɗi ya sa shi kuka. Gaya masa akwai ƙari." Ya shanye ruwan da aka kawo masa, ya shanye na direba, ya fita takalmi a hannu.

Aiki dai wata mai ƙosai ta samu, wadda ke suya a ƙofar kamfanin, ba ta taɓa yin ko girkin suna ba. Kwana ukun nan ta yi su a bayan kukun tana "Wannan fa? Shi kuma wancan ci ake ko ture shi ake?" har ya gaji da ita.

Da direba ya kawo labari, mai girkin biki ta daɗe tana kallon turmi. Can ta ce, "Ni na gano inda aka samu matsala. Da tsinke ya ci. Da hannu ya sa, da rabin yajin ya tsaya a yatsa."

Dama Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.