Maɗinkiya a Bayan Zana

Ajiye mayafin nan tukuna, 'yar nan. Makarantar ba guduwa za ta yi ba, malamar ma haka. Kafin ki je ki ɗaga mata murya a kan ɗanki, ji wannan.

An yi wata maɗinkiya, gwanar gaske, wadda kekenta ba ya hutawa daga hantsi har faɗuwar rana. Tana da ɗa guda, ya doshi shekara huɗu, amma baki ya ƙi buɗewa. Sa'o'insa suna ta zuba kamar kanari, shi kuwa sai dai ya nuna abu da yatsa. Sai ta kai shi gidan wata malama a bayan layinsu, wadda take tara ƙananan yara a tsakar gidanta da safe, tana koya musu waƙa da ƙirga da sunayen abubuwa. Kwanaki suka yi ta tafiya, yaro dai a gida shiru. Ba ma shirun kaɗai ba. In ta miƙa hannu za ta ɗauki almakashi, sai ya noƙe kai kamar kunkuru. Nan fa zuciyarta ta shiga saƙe-saƙe. Wa ya koya masa noƙe kai? In tana yi masa wanka sai ta juya bayansa wajen haske tana neman shatar bulala. Ba ta gani ba, ta ce ai mai wayo a tafin ƙafa take duka. Ta duba tafin ƙafa, lafiya lau. Ta shinshina bakinsa, ko maganin barci ake ɗura musu. Ranar da rigarsa ta dawo da laka ta ce ga shi nan, a ƙasa ake yasar da su. Ranar da ta dawo fes ta ce an wanke ne don a ɓoye wani abu. Suka haɗu da malamar a bakin famfo, malama ta gaishe ta da fara'a, har ta ce mata yaron nan akwai surutu. Maɗinkiya ta ce a ranta, ji ƙarya tsagwaronta, fara'ar nan ma ta marar gaskiya ce. Daga nan duk matar da ta kawo ɗinki sai ta koma da zaninta haɗe da labari, har mata biyu suka cire 'ya'yansu.

Ita ma ta ƙudurta cire nata, amma ba salin-alin ba. Sai ta kama matar dumu-dumu, ta tara mata unguwa. Wata safiya ta lulluɓe keke, ta bi ta gidan maƙwabciyar malamar, ta laɓe a bayan zana, ta sa ido a wata kafa. Ta tsaya har ƙafa ta yi mata tsami. Babu bulala, babu tsawa, yara ne kawai suna cuɗa laka suna gina tukwane karkatattu. Can ta hango nata a gindin turmi. Ya tsayar da marfin tukunya yana juya shi da hannu, ƙafarsa tana taka ƙasa, sama ƙasa, sama ƙasa. Ya maƙala tsinken tsintsiya a gefen baki, daidai inda take maƙala fil in tana ɗinki. Wata yarinya ta tura 'yar tsana ta kara kusa da shi, ta ce, "Inna, ɗanki yana kiranki." Ko waiwaye bai yi ba. Ya ja tsaki, ya make 'yar tsanar da bayan hannu, ya faɗa tar, babu in'ina: "Matsa can! Ba ka ga ina aiki ba? Ka ishe ni da surutu!"

Muryarta ce. Tsakinta ne, har da yadda take karkata wuya. Malamar ta zo ta durƙusa, ta ɗauki 'yar tsanar ta kaɗe mata ƙasa, ta tambaye shi me ɗan yake so ya faɗa wa innarsa. Yaro ya zare tsinke daga baki ya hau zuba, wai ƙadangare ya gani a kan katanga, mai jan kai, yana ta gyaɗa kai. Maɗinkiya ta tuna jiya da la'asar ya ja gefen zaninta yana nuna katanga, ta kuma tuna da wane hannu ta amsa masa.

Ba ta shiga gidan ba. Zagin da ta tanado, gida ta koma da shi. Da azahar yaron ya dawo ya raɓe a bakin ƙofa kamar kullum. Ta zare fil daga baki ta soke a ƙyalle, ta sauko kan tabarma, ta ce, "Ina ƙadangaren nan naka?" Ya daɗe yana kallon hannunta kafin ya kalli fuskarta. Ba a ranar ya yi magana ba, kada ki ɗauka abin wasa ne. Sai da ɗinkin mutane ya sha kwana a kan keke kafin ya yarda cewa in ya buɗe baki akwai mai ji. Sannan ta bi gidajen matan nan biyu don ta farke abin da ta ɗinka da bakinta. Ɗaya ta mayar da ɗanta. Ɗayar ta taɓe baki ta ce ita dai hankalinta bai kwanta ba, har yau kuma bai kwanta ba.

To, ga mayafinki nan. In kin je, ki fara kallon wasan da ɗanki yake yi, ki ga wa yake kwaikwayo. Ba banza ba Hausawa suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.