Katin da Ba a Taɓa Ba

Nafi'u, angon nawa, jiya ka zo mini kana hura hanci, wai ka ba matarka Zuwaira haƙuri kan maganar da ka yaɓa mata a gaban 'yan'uwanka, ta ce ta yafe, amma har yau fuskarta ba ta saki ba. Ka ce kullum kana tambayarta ko har yanzu fushi take, in ka fita ka tambaya, in ka dawo ka tambaya, abin kuma sai ƙara lalacewa yake yi, har ta fara zancen tafiya gida ta huta. Ban tanka maka ba saboda ƙannenka suna wurin. To ga wani misali, ka karanta a natse, ka yi haƙuri da rubutun tsohuwa.

Akwai wata mata mai yin katin gayyata da hannu. Ba ta da inji, daga almakashi sai hatimin roba da aka sassaƙa mata mai fure da reshe, sai ɗan akwatin tawada mai soso a ciki. Ta dangwala, ta danna a kati, ta ɗaga. Katin da ta saba aiki da shi ba shi da sheƙi, yana shan tawada kamar yadda tsakar gida ke shanye ruwan alwala da rani, kafin ta ajiye hatimin ya bushe. Da auren 'yarta ya zo, sai ta ce ba za ta yi wa ta cikinta irin na kowa da kowa ba. Ta shiga kasuwa ta sayo kati mai santsi, yana ɗaukar ido kamar farantin tangaran. Ga damina ta yi tsakiya, ko wanki ba ya bushewa a igiya. Ta danna hatimi, fure ya fito tsaf, da kyan da bai taɓa yi ba. Sai dai tawadar ba ta shiga ba. Tana nan zaune a sama tana ƙyalli, kamar raɓa a ganyen gwaza.

Ta jera katunan a tabarma ta koma gefe, amma hankalinta ya ƙi kwanciya, don biki ya matso kuma dangi na nesa ba su ji ba. Ta taso ta sa ɗan yatsa a kan na farko, wai ta ji ko ya bushe. Furen ya bi yatsan. Ta ce bari ta ɗan ba shi lokaci. Ta ɗora tukunya, ta dawo ta taɓa na biyu. Ta yi sallah, ta shafa addu'a, ta taɓa na kusa da shi. Kowanne ta taɓa sai ya ɗauki tambarin yatsanta a tsakiyar fure, ga shi ba ya goguwa. Da ta ga haka sai ta shiga dabaru. Ta ɗora tsumma don ya tsotse danshin, ya ɗauke rabin furen. Ta barbaɗa hodar jarirai, tawadar ta zama kunu. Da rana ta ɗan leƙo, sai matar ta kwashe sauran ta shanya a kan kwanon rufin ɗaki, suka nannaɗe kamar ganyen da ya sha wuta. A ƙarshe ta zauna a bakin tabarma da yatsu baƙi ƙirin tana hawaye, tana cewa an cuce ta, an sayar mata da katin da ba ya karɓar tawada. Dole ta koma kasuwa ta sake sabon aiki tun daga yanka, gayyatar da take wa gaggawa ta isa wasu gidajen bayan an sa amarya a lalle. Bayan an watse biki tana shara, ta ja kabad, sai ga kati ɗaya da iska ta jefa can baya tun ranar farko. Ta ɗauka ta murza da babban yatsa, ta ƙara murzawa. Furen bai motsa ba. Ya bushe ƙam, ya fi duk wanda ta taɓa yi kyau. Shi kaɗai ne hannunta bai kai gare shi ba.

Matar nan ba muguwa ba ce, Nafi'u. Son 'yarta ne da tsoron kunya suka hana yatsanta zama wuri ɗaya. Kai ma na san tsoro ne ke cinka, shi ya sa nake tausayinka. Amma ba zan ɓoye maka ba, kai ka shafa wa zuciyar yarinyar nan santsi ranar da ka muzanta ta cikin mutane. Da can ko da ido ka ba ta haƙuri shanyewa take yi. Yanzu haƙurin naka yana nan a sama, ta karɓa, bai dai shiga ba tukuna. Duk sanda ka ce mata har yanzu fushi kike, ka sa yatsa ke nan, ka mayar da ita ranar nan sabuwa fil. In dai tawadarka ta gaskiya ce za ta kama. Ka ci tuwonta ka ce an gode, ka daraja ta a gaban waɗanda ka kunyata ta a gabansu, sannan ka ja bakinka ka yi shiru. In ka ƙi ji, za ka bi ta gidansu biko, tafiyar da da ba sai ka yi ba. Ba a banza Hausawa suka ce ba, sauri ya haifi nawa.