Igiya Biyu da Tsamiya

Tsamiyar ta faɗi da hantsi, ta danne Sarjan Ɗantani a kan kujerarsa. Sai da aka sa gatari uku kafin a zaro shi, kuma abin da aka zaro bai cika tabarma ba.

Hanyar mota ake yi daga Dogon Dutsi zuwa Dogon Kiriya, da aikin dole, itaciyar kuwa ta tsaya a inda Nasara ya ja layi. Tun jiya aka sare gindinta, aka ɗaura igiyoyi a ƙirjinta. Mutum arba'in suka ja yamma, talatin suka ja arewa, gardawa, dogaran Nasara, na bayansu da bulala. Sarjan ya kafa kujera can kudu da igiyar yamma, bakin gonar gero, yana zagi don matan ƙauyen ba su kawo wa ma'aikata ruwa ba tun safe.

Ba wanda ya yi kuka. A damina ɗaya mutum uku suka mutu a ƙarƙashin bulalarsa. Na ukun shi ne Rabo, wan Umaru magatakarda, kuma Umaru ne ya rubuta da hannunsa cewa zazzaɓi ne. Rubutunsa na da kyau ƙwarai.

Kumandan, Nasaran da ke mulkin yankin, ya iso kafin azahar. Ya sa aka durƙusar da mutum saba'in a rana, aka fasa bakin masu ba da waƙar jan igiya da gindin bindiga. Sannan ya juyo wurin Umaru.

"Kai ne aka yi wa lakwal, ka yi karatun Nasara. Zana mini ka nuna waɗanda suka karkatar da ita. Goma zan harbe a cikinsu."

Umaru ya shimfiɗa takarda a kan akwati. Santimita ɗaya, mutum goma. Ya ja kibiya mai santimita huɗu zuwa yamma. Daga bakinta ya ja mai uku zuwa arewa. Ya haɗa mafari da ƙarshe, ya auna: biyar, tana duban arewa maso yamma, filin da ba ko akuya.

"Ranka ya daɗe, igiya biyu ba sa kai itace sai tsakaninsu. Ko na arewa sun saki gaba ɗaya, iyakarta bin igiyar yamma. Sarjan yana waje da su duka."

Kumandan ya karɓi fensir ya sake aunawa sau biyu. Mutum ne mai iya harbe goma ba tare da dalili ba, amma ba ya son a ce bai iya lissafi ba.

"To me ya kai ta can?"

"Mutane na cewa doguwar da ke cikinta ce."

"Kai fa?"

"Ni ban taɓa auna doguwa ba. Gindin ruɓaɓɓe ne."

Aka rubuta hatsari. Don kada a ce an zo a banza, kowa ya sha bulala ashirin, har rairayin ya jiƙe. Ba a harbi kowa ba. An tambaye su ɗaya bayan ɗaya, mutum saba'in masu ido biyu-biyu, babu wanda ya ga komai.

Gindin ba ruɓaɓɓe ba ne. Umaru ya duba shi, fari tas kamar ƙwarya sabuwa. Da motar kumandan ta tafi, ya koma kan takardarsa. Bai yarda da doguwa ba, amma ya yarda cewa itace ba ya zaɓar wanda zai danne. Daga bakin kibiyar biyar ya ja layi har ya sadu da hanyar kujerar sarjan. Kibiya ta uku ta fito, tana duban kudu sak, ta haura santimita uku. Wani abu mai ƙarfin da ya fi na maza talatin ya ja daga can. Ya ɗaga kai. Babu komai a kudu sai gero da ya fi mutum tsawo, da rijiyar ƙauye mai zurfin gaba arba'in a bayansa.

Ya goge layin, ya ninke takardar.

Da la'asar ya biya ta rijiya ya sha ruwa. Mata sun cika wurin, sun fi hamsin. Mahaifiyarsa Habsatu na zaune tana warware ƙulle-ƙullen igiyoyin guga da aka haɗa wuri guda.

"Inna, yau kun bar mutane da ƙishi."

"Igiya ta yi mamu gardama. Nasara ya gama awonai?"

"Ya gama. Ba laifin kowa."

"Madalla da karatu. Sha."

Ta miƙo masa ƙwarya. Ya ga jini a bakin ƙwaryar, ya bi shi zuwa tafin hannunta, wanda fatarsa ta sale daga yatsu har wuyan hannu. Ya juya ya dubi sauran. Duk matar da ke wurin, hannunta biyu a naɗe suke da tsumma.