Ranar da Na Ɓantare Rumbun Baba

Ina yaro a ƙauyenmu kusa da Bagwai, wata la'asar ina dukan ƙwallon tanis da guntun katako a jikin rumbu, sai yaɓen ya ɓantare. Ina waiwayawa na ga Baba tsaye, fartanya a kafaɗa.

Ya dubi ramin, ya ajiye fartanyar, ya ɗauki ƙwallon.

"Abincinmu ne a ciki," in ji shi. "Matsa can, ni zan riƙa jefo maka."

Har magariba yana jefowa, in na kuskure ya yi dariya.

Yau tanis ce sana'ata. Ƙananan gasa nake bi gari-gari, sau da yawa a zagayen farko ake cire ni. Amma alhamdulillahi, ban taɓa shiga fili ina tsoron kuskure ba.